Hotuna Uku a Bangon Lola Sinang

Tun da sanyin safiyar Lahadi Luningning, wadda ake kira Ning, ta goge hotunan nan uku na bangon falo, ta shiga kicin, ta dawo ta sake goge su. Babu ƙura a jikinsu, hannunta ne ya ƙi zama wuri ɗaya.

Yau iyayen Efren za su zo neman aurenta. Tana da ashirin da huɗu ya fara cewa yana son ta, yanzu ga ta da talatin da uku, har furfura ta tsinta a gaban goshi ta tsige a ɓoye.

Hoton farko nata ne, cikin baƙar rigar kammala karatu, ranar da ta zama malamar makaranta. Na biyu na ƙanwarta Dalisay, mai aikin jinya a Manila. Na uku na autansu Arnel, sabon injiniya, ko wata bai yi a bangon ba.

Kakarsu Lola Sinang ce ta kafa ƙusoshin nan uku da hannunta, a makon da aka binne mahaifiyarsu, uban kuma ya bi jirgin ruwa bai sake waiwayo ba. Ita kanta daga aji huɗu aka cire ta aka tura ta gonar rake, kuma har ta tsufa ba ta yafe wa duniya wannan ba. Da tallan suman a ƙofar coci, shinkafar nan mai danƙo da ake naɗewa a ganyen ayaba, da wankau, da guga, ta kai Ning har kwaleji. Ranar da aka rataye hoton farko ta kafa doka.

"Wanda ya gama ya ɗauki na bayansa. Ba mai aure a gidan nan sai ƙusa ta uku ta sami hoto."

Ning ta ɗauki Dalisay. Da Dalisay ta gama, albashinta ko hayar ɗaki a Manila bai kai ba, sai kayan Arnel ma ya dawo kan Ning. Da Arnel ya faɗi jarrabawa ya maimaita, Lola ta dafa kafaɗarta ta ce, "Shekara ɗaya ce kawai, 'yar nan." Ning ta ce to. Ita dai kullum to ce amsarta.

Kada wani ya ce Lola Sinang muguwa ce. Da muguwa ce da abin ya zo da sauƙi, a ƙi ta a huta. Tsohuwar nan ba ta taɓa cin tsokar kifi ba in jikokinta na gida, kai da ƙaya ne rabonta. Kullum tana kan gwiwa a cocin asuba tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuwa Efren, bakaniken injin kwale-kwale, duk garin sun san shi da wannan gida. Shi ya mayar da rufin da guguwa ta yaye. Shi yake kai kwandon suman ƙofar coci. Masunta har tsokanarsa suke yi, "Ango, bana ma dai aikin banza?" Ya yi dariya ya ce lada yake tarawa.

Da Lola ta dawo daga coci a safiyar nan idanunta jajir suke. Arnel kuma ya kulle kansa a ɗaki ya ce kansa ke ciwo. Ning ba ta sa komai a ranta ba, murna ta rufe mata ido.

Da hantsi suka iso. Aling Pasing, mahaifiyar Efren, ta shigo da tukunyar taliyar pansit da ta kaza tana ta surutu. A bayanta Efren ne ɗauke da mahaifinsa, Mang Ising, kamar yadda ake ɗaukar yaro. Ciwon huhu ya cinye dattijon. Farar rigarsa mai aiki ta bikin aurensa ya saka, yanzu mutum biyu irinsa za su shiga ciki.

Efren ya zaunar da shi, ya je ya sunkuya gaban Lola. "Mano po, Lola." Ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, ba ta dube shi ba.

Aka ci abinci. Mang Ising ya taɓa lomar da ba ta kai uku ba ya ajiye cokali.

"Aling Sinang, ba zan ja magana ba, numfashin ma aronsa nake yi. Kin ce sai ƙusa ta uku ta sami hoto. To ga shi na gani da idona. Mun zo ki sa mana rana. In da hali kafin damina ta kankama, don ni dai..."

Tari ya ƙwace sauran maganar.

Lola ta juya carbinta a hannu.

"Ising, ɗanka ɗa ne. Ban taɓa ganin aibinsa ba. Na ba shi Ning, har ga Allah na ba shi. Amma ba bana ba. Sai baɗi."

Ning ta dubi Efren, shi ma ita yake kallo.

"Arnel!" Lola ta ɗaga murya. "Fito nan. Kai ka jiƙa, zo ka tsaya a sha a gabanka."

Ya fito kansa a ƙasa, ya jingina da bango, daidai ƙarƙashin hotonsa.

Lola ta ce, "Yarinyar da yake nema tana da ciki. Jiya ya faɗa mini. Ba zan ɓoye muku ba, ban iya ƙarya ba. Za a ɗaura musu aure a coci kafin abin ya ƙara fitowa. Kun kuwa san sukob. 'Yan ciki ɗaya ba sa aure a shekara ɗaya. Albarka ɗaya ake saukar wa gida, in aka raba ta biyu, ɗaya ya ci, ɗaya ya binne."

Aling Pasing ce ta fara dawowa hayyacinta.

"Au! To, madalla. Wato wanda ya haura katanga shi za a fara zuba wa abinci, wanda yake tsaye a bakin ƙofa yana sallama shekara da shekaru ya ci gaba da tsayuwa?"

"Pasing, iya bakinki. A gidana kike."

"Na iya shi, Aling Sinang, har ya gaji da iyuwa! Dubi mutumin nan da kyau. Kin ga baɗi a fuskarsa? In ya tafi, ni ma shekara zan yi cikin baƙi, ba biki ba kiɗa, ba kuma zan aurar da ɗa a shekarar makoki ba. Sukob ɗin ne dai, ba ke kaɗai kika san shi ba. Baɗin naki ya zama baɗin baɗaɗa ke nan. Ɗana fa ba rasa masu so ya yi ba. Marilou 'yar mai injin casa tun yaushe take safa da marwa a gidana, ita kakarta ba ta kafa ƙusa ba!"

"Inay, don Allah," Efren ya ce wa mahaifiyarsa.

"Rufe mini baki! Ka gyara rufi, ka gyara famfo, saura ka gyara musu auren ƙani."

"Ya isa, Pasing," Mang Ising ya ce da ƙyar. "Ɗauke ni, Efren."

A bakin ƙofa ya sa aka tsaya. Ya miƙo hannunsa, Ning ta kama ta ɗora a goshinta. Hannun ba nauyi, sai zafi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na so in ga kin shigo gidana ina da ido."

Suna fita Ning ta zube a ƙasa, kukan da take riƙewa ya ƙwace.

"Ate," Arnel ya matso yana kiranta yadda ake kiran babbar yaya, "Ate Ning, ki yafe mini, wallahi ban yi nufi..."

"Ba ka yi nufi ba?" Ta ɗago jajayen idanu. "Littattafan nan da nake saya maka ina tafiya makaranta da takalmi mai huda, a wane shafi aka koya maka wannan? Gaya mini in je in karanta, ƙila ni ce ban gane karatun ba. Da na san haka ake samun rana a gidan nan, da tuni ɗana ya shiga aji uku."

"Luningning!" Lola ta daka tsawa. "A gaban hoton Uwa Maryamu kike wannan maganar?"

Arnel ya sulale ya koma ɗaki. Ning ta ja gwiwa har gaban kujerar kakarta, ta riƙe ƙafafunta.

"Lola, ki dube ni. Fada da kansa ya faɗa a coci, sukob ba ya cikin addini. Ke kika kai ni makaranta. Kin sayar da suman rana da ruwa don in san gaskiya da camfi, yau kuma na sani sai ki ce in ajiye sanin?"

"Wani Fada ma ya taɓa gaya mini haka." Muryar Lola ta yi ƙasa. "Mai ilimi ne, har Roma ya je. Na ji maganarsa, na aurar da kawunki Berto da uwarki a shekara ɗaya. Ga Berto can da gidan bene da jikoki. Ina uwarki? Ta ga rana ɗaya mai daɗi a auren nan? Fada ne ya yi mata wanka? Ni na yi mata, da hannun nan. Ni na rufe mata ido."

"Ciwo ne ya kashe Inay, Lola. Likita ya faɗa."

"Likita ya faɗi sunan ciwon. Bai faɗi wanda ya buɗe masa ƙofa ba."

"To Arnel ya jira mana! Shi ne ƙarami, shi ya yi laifi."

"Jariri ba ya jira. Ba za a kai jinina wurin baftisma a tambayi auren iyayensa in sunkuyar da kai ba." Ta sa hannu tana shafa gashin Ning, hawaye na bin tamojin fuskarta. "Ke mai haƙuri ce. Arnel ba zai iya ba, yarinyar can ba za ta iya ba. Ke na san za ki iya. Shekara ɗaya ce kawai, 'yar nan."

Ning ta janye kanta daga hannun.

"Ashe haƙurina ne laifina."

"Ba zan binne ki ba, Ning. Ki ƙi ni in kin ga dama, amma ki ƙi ni kina raye."

"Wannan ce rayuwar? Yaran da na koyar a shekarata ta farko, yanzu wasu har da 'ya'yansu a goye. Suna kawo su suna cewa, gai da Malama, ita ta koyar da ni. Ni kuma in dawo gida in goge hotuna." Ta share fuska da bayan hannu. Abin da ya zo bakinta ta san bai kamata ba, ta kuma faɗe shi. "In baɗi ta zo ke kika mutu fa, Lola? Shi ma sukob ne. Sai yaya?"

Kunya ta kama Ning. Lola Sinang ta ce, ba tare da fushi ba, "To sai ki jira ni ni ma. Ai na jira ku."

Da la'asar Efren ya dawo shi kaɗai. Bai shigo ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bayan shingen gora da shi ya kafa, Ning ta fito ta same shi.

"Yaya jikin Tatay?" ta ce, tana nufin mahaifinsa.

"Ya kwanta ya juya wa bango fuska. Ya hana a cire masa rigar." Ya murza idanunsa. "Ning, ban zo rarrashi ba, ban kuma zo faɗa ba. Da ƙararrawar shida zan zo da babur in tsaya a gindin mangwaron can. Ki fito. Ki sauka gidan gwaggota, gobe mu je ofishin magajin gari mu ba da sunayenmu, alƙali ya ɗaura mana. Tatay ya gani yana numfashi. In ya riga mu, Inay ba za ta yarda ba, kin ji ta da kunnenki."

"Ba coci?"

"Cocin ba gudu zai yi ba."

"Lola ba za ta ƙara ba ni hannunta ba, Efren. Hannun nan shi ya ciyar da ni. Ka san ban taɓa kwana ban ɗora shi a goshina ba?"

"Na sani. Ni ma goshina ya san shi." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Da ina da wata shekarar da na ba ki, wallahi da na ba ki. Na duba, sun ƙare."

"Ko dai Marilou ce?"

"Kada ki zage ni, Ning. Yau an zage ni da yawa."

Ta fashe da kuka, ta kama yatsunsa ta tsakanin gorar. Hannunsa duk baƙin mai ne da kanta. Ta tuna da wannan hannun ya zo mata yana saurayi, a nan gaban shingen ya tsufa.

"Zan fito," ta ce.

Ƙararrawar shida ta kaɗa. Kamar kullum Lola ta kunna kyandir gaban Uwa Maryamu, suka durƙusa, ta ja addu'a suna amsawa. Da aka gama ta koma kujerarta ta miƙa hannun dama.

Arnel ya fara zuwa. "Mano po, Lola."

"Allah ya yi maka albarka, ya shirye ka."

Ning ta fito daga ɗaki da 'yar jaka a kafaɗa. Ta ajiye ta, ta durƙusa.

"Mano po, Lola."

Lola ta dubi jakar. A hankali ta janye hannun, ta cusa shi cikin aljihun siket ɗinta inda carbi yake.

"Ina za ki?"

"Wurin Efren. Alƙali zai ɗaura mana. Ki sa mini albarka, Lola, ko da rabi ne."

"Auren alƙali takarda ce. Ban raine ki don ki zauna da namiji a kan takarda ba. Kuma ko alƙali ko Fada, shekarar ɗaya ce."

"Lola, hannunki kawai."

Ning ta daɗe a durƙushe da goshi a miƙe. Ba abin da ya taɓa shi.

"In kika taka ƙofar nan," Lola ta ce, "sauke hotonki ki tafi da shi. Ba zan riƙa kallonsa ina jiran ranar da za a kawo mini labari ba."

Ning ta miƙe. Kukan ya tsaya cak, ita kanta ta yi mamaki. Ta je gaban bangon ta tsaya. Ta dubi yarinyar nan ta hoton farko mai kumatu da dariya, kamar wata baƙuwa.

Ta miƙa hannu ta sauke hoton Dalisay. Ta sauke na Arnel.

"Ate, me kike yi?"

"Wancan naki ne, Lola," ta ce tana nuna nata. "Da suman ɗinki da bayanki kika saye shi, ba ni da iko da shi. Waɗannan biyun su ne nawa. Ƙuruciyata ce a ciki."

Lola ta bi ƙusoshin nan biyu da kallo, tsirara kamar ranar da ta kafa su.

Ning ta rataya jaka, ta rungume hotunan a ƙirji, ta sauka matakala. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ƙafarta ba za ta ƙara ɗagawa ba.

Gindin mangwaro ba kowa.

Ta tsaya. Ta dubi hanyar bakin teku. Mata masu dawowa daga kasuwar kifi suka wuce suna satar kallonta, Malama da jaka da hotuna a tsakiyar titi. Ta ce a ranta mai ne ya ƙare masa. Ta ce ko taya ce. Efren bai taɓa makara a ƙofar gidan nan ba, ko ranar guguwa.

Sai ƙararrawar coci ta sake kaɗawa.

Ba irin ta ɗazu ba ce. Babbar ce, mai kauri, bugu ɗaya sannan dogon shiru, sannan wani bugun. Ko yaron goye a garin ya san ta mutuwa ce, ya kuma san babbar ta namiji ce. Matan kifi suka tsaya suka yi alamar gicciye. Ɗaya ta ce, "Allah sarki, Mang Ising ne. Ɗazu na ga an ruga kiran Fada."

Ning ta jingina da mangwaron, katakon hotunan yana cin ƙirjinta.

A bayanta ta ji an buɗe taga. Lola Sinang ce tsaye, hannun nan ya fito daga aljihu yana alamar gicciye.

"Kin gani?" ta ce. "Tun ba a ɗaura ba ma."

Babu gori a muryar, abin da ya fi ƙona ran Ning ke nan. Irin muryar da take tashinta da ita in zazzaɓi ya kama ta tana ƙarama ce, mai taushi, cike da so.

"Shigo ki mayar da hotunan, ki nemo baƙar rigarki mu je gaisuwa. Shekara ɗaya ce kawai, 'yar nan."